Na'urar da ta fi sabuwar iPhone amfani a Ƙofa

Huhun bakwaini bai gama samar da safaktan ba, wato sinadarin da ke hana huhu mannewa idan an fitar da numfashi. Maganin akwai tsada, injin numfashi kuma sai manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano. Daga Ƙofa ko Doguwa, jariri yana nishi, tafiyar ta yi nisa.

Ni dai a ganina CPAP ya kamata mu nema, mai tura iska a hankali ta hanci. Farfesa Hippolite Amadi ya ƙera mai aiki da sola, har ya ci kyautar kimiyya ta NLNG a 2023. Mu da muke haɗa sola don cajin waya kawai, mu tambayi ciyamominmu: asibitin Bebeji da na Tudun Wada suna da ita?