Birnin da Ya Kori Malaman 'Ya'yansa



A watan Disamba na shekarar 2019, makarantun firamare goma sha shida da ke yankin Nieuw-West, a yammacin Amstadam, babban birnin ƙasar Holan, suka rufe ƙofofinsu har tsawon mako guda. Ba annoba aka yi ba, ba kuma yajin aiki. Malamai ne suka yi ƙaranci, har hukumar makarantun ta ga babu makawa sai ta sallami yara gida, ta zauna da ma'aikatanta a nemi mafita. 'Yan watanni kafin haka, wata makarantar firamare a kudu maso gabashin birnin ta sanar da cewa za ta rufe baki ɗaya saboda wannan dalili. Wannan fa a ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi arziki a duniya ke nan, inda malami ke karɓar albashinsa ranar da aka ce za a biya.

Ruwa ba ya tsami banza. Dalilan ƙarancin malamai a Holan suna da yawa, akwai nauyin aiki, akwai ritayar tsofaffin hannu. Amma akwai dalili guda da ya fi addabar Amstadam a kan sauran garuruwa, wato kuɗin haya, kuma a kansa muke son mu tsaya. Uwar ƙungiyarmu ta ƙasa da babbar ƙungiyar malaman Holan, AOb, inuwa ɗaya suke sha a ƙarƙashin Education International, haɗaɗɗiyar ƙungiyar malamai ta duniya. Saboda haka abin da ya sami malamin can bai kamata ya wuce mu kamar labarin baƙi ba.

Mu ɗauki misalin malama sabuwar ɗauka wadda aka ba aji a De Pijp, unguwar da kowa ke rububin zama a cikinta, inda shahararriyar kasuwar Albert Cuyp take. Burinta bai wuce ciki da falo a wani bene ba, kusa da makaranta yadda keke zai kai ta. Ta duba tallan gidajen haya a intanet. A irin wannan unguwa, ko a Jordaan da ke gefen hanyoyin ruwan tsakiyar gari, yuro 2,000 a wata ga ciki da falo ba abin mamaki ba ne. Kafin ta gama karanta tallan, masu nema sun yi wa dillalin yawa. In ta yi sa'a aka kira ta duba gida, tare da wasu za a shigar da ita, a fito cikin 'yan mintoci. Daga nan sai takardu: shaidar albashi, wasiƙar wurin aiki, wani lokaci har da shaidar tsohon mai gida cewa ba ya bin ta bashi. Babban sharaɗin kuwa shi ne abin da take samu a wata ya ninka kuɗin hayar sau uku, wasu ma sau huɗu. Lissafin ba ya buƙatar allo. Haya yuro 2,000 na nufin albashin yuro 6,000 ko fiye, alhali albashin sabon malamin firamare bai kai yuro 4,000 ba kafin a cire haraji. An kore ta ke nan tun ba ta taka bakin ƙofa ba.

Sai ta juya ga gidajen rahusa, waɗanda ƙungiyoyin gidaje marasa neman riba ke bayarwa a kan kuɗin da bai wuce kimanin yuro 900 a wata ba. Kusan huɗu cikin kowane gida goma na Amstadam nasu ne, amma layin jira ya haura shekara goma. Ga shi kuma an ƙayyade cewa mafi yawansu na wanda abin da yake samu a shekara bai wuce kimanin yuro 50,000 ba ne, iyakar da malami kan tsallake da zarar ya ɗan jima a aiki. Saye kuwa ba a maganarsa, domin matsakaicin farashin gida a birnin ya zarce yuro rabin miliyan. Ta fi ƙarfin gidan talaka, gidan mai kuɗi ya fi ƙarfinta, ba ga tsuntsu ba ga tarko. Ƙarshenta sai ta koma Almere ko Purmerend, tana bin jirgin ƙasa ko bas safe da yamma. Wata rana sai ta lura cewa makarantar da ke bayan gidanta ita ma malami take nema, albashin kuma kusan ɗaya ne. Wa zai ga laifinta in ta ajiye aikin Amstadam?

Abin takaicin shi ne ba 'ya'yan masu hali ne suka fi ɗanɗana kuɗar wannan ba. Idan malamai suka yi ƙaranci, kowa zaɓen makaranta yake yi, kuma guraben da suka fi daɗewa babu mai cike su suna makarantun 'ya'yan marasa galihu ne, a Nieuw-West da Zuidoost, inda zuriyar baƙi daga Maroko da Turkiyya da Suriname da Gana suka fi yawa. Mai gida a Jordaan ya ƙara kuɗin haya, yaro a Zuidoost ya rasa mai koya masa karatu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu kare wannan hali suna da hujjoji, kuma ya dace mu amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Hujjarsu ta farko ita ce, unguwa mai kyau ai ta mai iya biya ce, haka duniya take, wanda bai iya ba ya matsa gaba. To, su tambayi tarihin unguwannin da suke taƙama da su. An gina Jordaan a farkon ƙarni na 17 domin masu sana'ar hannu da leburori, kuma ta yi ɗaruruwan shekaru tana unguwar talakawa. A can ne marasa aikin yi suka yi bore a watan Yuli na 1934 da aka zaftare musu kuɗin tallafi, har aka rasa rayuka. De Pijp ma unguwar ma'aikata ce da aka gina cikin gaggawa a ƙarshen ƙarni na 19. Ƙazanta da cunkoson irin waɗannan wurare ne suka sa majalisar ƙasar ta kafa Dokar Gidaje ta 1901, wadda ta buɗe wa ƙungiyoyi marasa neman riba hanyar samun rancen gwamnati su gina wa ma'aikata gidaje. Rukunin gidajen De Dageraad da ke kudancin De Pijp, wanda masu yawon buɗe ido ke zuwa ɗaukar hotonsa a yau, ƙungiyar ma'aikata ce ta gina wa mambobinta. Abin da ya fi taɓa mu kuwa, 'yan shekaru bayan wannan doka malaman makarantun Amstadam da kansu suka kafa ƙungiyar gama kai ta gina gidaje, suka gina wa junansu matsuguni a cikin birni. Ashe dai an yi zamanin da Amstadam ta yarda cewa mai koyar da 'ya'yanta ya cancanci kwana a cikinta. Tun 1983 ma tsarin mulkin ƙasar, a sashe na 22, ya ɗora wa hukuma nauyin kula da samar da isassun gidaje.

Hujjarsu ta biyu ita ce, ai kasuwa ce, jama'a sun yi yawa, gidaje sun yi kaɗan, ba laifin kowa ba ne. Gaskiya ne ƙasar na da giɓin gidaje kimanin 400,000. Amma giɓin ba daga sama ya faɗo ba, akwai sa hannun hukuma a kowane mataki. A 2010 gwamnatin Mark Rutte ta rushe ma'aikatar da ke kula da gidaje da tsara ƙasa. A 2013 aka ɗora wa ƙungiyoyin gidajen rahusa haraji na musamman wanda ya kai ga cinye musu fiye da yuro biliyan ɗaya da rabi a shekara, kuɗin da da gini za a yi da su. Sai gini ya ja baya, wasu ƙungiyoyin ma suka riƙa sayar da gidajensu na unguwanni masu tsada. A 2015 aka taɓa tsarin maki, wato ma'aunin da ake auna gida da shi, a ba shi maki gwargwadon faɗinsa da kayan da ke cikinsa, makin kuma ya yanke iyakar hayarsa. Aka shigar da darajar gida a kasuwa cikin lissafin, sai ƙaramin ɗaki a Jordaan ya tara maki saboda unguwarsa kawai, ya fice daga kariyar doka, mai shi ya sa kuɗin da ya ga dama. A 2016 aka halatta yarjejeniyar haya ta wucin gadi ta shekara biyu, wadda ta ba mai gida damar sallamar ɗan haya ya kawo wani da sabon farashi. Ana cikin haka Airbnb ta mai da ɗimbin gidajen tsakiyar gari masaukin baƙi, har sai da birnin ya taƙaita hakan zuwa kwana 30 a shekara daga 2019. Duk waɗannan shawarwari ne da mutane suka zauna suka yanke. Abin da hannu ya ƙulla kuwa, hannu na iya kwance shi.

An kuwa fara kwancewa, bayan da dubban mutane suka yi gangami a filin Westerpark ranar 12 ga Satumba, 2021. An soke wancan haraji daga farkon 2023. A watan Yuli na wannan shekara aka hana mai gida karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar wata biyu. Ranar 1 ga Yuli, 2024, aka maido da yarjejeniyar dindindin a matsayin ƙa'ida, aka kuma soma aiki da Dokar Haya Mai Sauƙi, wadda ta faɗaɗa tsarin maki har zuwa maki 186, wato hayar kimanin yuro 1,160 a wata a lokacin. Ministan da ya kai dokar majalisa, Hugo de Jonge, shi kansa tsohon malamin firamare ne.

A nan ne hujjarsu ta uku ta shigo, kuma ita ce mafi nauyi. Suna cewa tun da aka kafa dokar, ga kuma ƙarin haraji a kan dukiya, masu gidaje sun shiga sayar da ƙananan gidajensu, gidajen haya sun ragu, wanda aka ce za a taimaka shi ya fi shan wuya. Ba mu musanta cewa ana sayarwa ba, ba mu kuma musanta cewa mai neman haya a yau yana cikin matsi ba. Amma gidan da aka sayar bai ɓace daga doron ƙasa ba, wani ne ya saya ya shiga, sau da yawa ma matashin da bai taɓa mallakar gida ba. Sa'annan gidan yuro 2,000 da aka cire daga kasuwa, da ma can malamarmu ba ta cikin waɗanda za a ba. Kukan da ake yi da sunanta kukan ribar da ta ragu ne. Idan mai gida ya ce ba zai ba da haya ba sai an bar shi ya karɓi fiye da ƙimar da ma'auni ya yanke, ya faɗi da bakinsa irin cinikin da yake yi a da. Maganin ƙarancin gida shi ne gini. Gwamnati ta yi alƙawarin gidaje 100,000 a shekara, ba ta cika ba. A nan ya kamata a matsa mata, a ba ƙungiyoyin gidaje fili da rance su gina wa masu matsakaicin albashi, maimakon a sassauta dokar da ba ta daɗe da fara aiki ba.

Muna da magana kuma da majalisar birnin. Ta ware wa malamai da ma'aikatan jinya fifiko a layin wasu gidaje, kuma duk malamin da ya samu ta wannan hanya muna taya shi murna. Amma a matsayinmu na 'yan ƙwadago ba za mu kira wannan nasara ba. Fifiko ba ya ƙara ɗaki ko ɗaya. Duk malamin da aka matsar gaba, an tura direban bas ko mai shara baya, su ma kuwa birnin ba ya wayar gari sai da su, kuma 'ya'yansu ne ke zaune a gabanmu a aji.

Darasin da ya fi girma ga ƙungiya irin tamu shi ne wannan. Ranar 5 ga Oktoba, 2017, Ranar Malamai ta Duniya, malaman firamare na Holan suka ajiye alli, kimanin 60,000 suka taru a birnin Heg. Suka yi ta fafutuka har a 2022 aka daidaita albashinsu da na malaman sakandare. Nasara ce babba, ta gumi da haƙuri. Amma malamin Amstadam ya karɓi ƙarin da hannun dama, mai gida ya amshe da na hagu, kuma har yanzu ƙofar De Pijp a rufe take gare shi. Ƙungiyar da ta yi yaƙin albashi ta manta da haya, ta yi wa mai gida aiki ne ba tare da ta sani ba.

Babu wani a cikinmu da ke buƙatar a fassara masa halin malamin da ke koyarwa a unguwar da ba zai iya kama ɗaki a cikinta ba, ko fargabar zagayowar watan biyan haya. Don haka matsayinmu a fili yake. Muna tare da 'yan'uwanmu na Holan a kan a bar dokar 2024 da ƙarfinta, a kuma yi gini. A namu ɓangaren, muna kira ga wakilanmu da su sa batun matsuguni a kan teburi duk lokacin da aka zauna maganar albashi, muna kuma roƙon mambobi su zo taron reshe na gaba da shawarwarinsu a kan yadda asusun gama kai zai taimaka wajen fili da gini, kamar yadda malaman Amstadam suka yi fiye da shekara ɗari da suka wuce. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya taimaki malami, ya rufa wa iyalinsa asiri.

Kwamitin Zartarwa na Reshe