Wa ke da akwatin da ke cikin ɗakinmu?

Da magariba ta wuce a Malanville, gida-gida za ka ji Faransancin Abijan na tashi daga talabijin. 'Ya'yanmu mata suna zaune gaban tashar A+ da tashoshin girki da kwalliya, suna koyon yadda ake shirya falo da irin kayan da amarya ta gari take sawa. Mu ne muke biyan kuɗin wata, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa tambayar aljihun da sefar take faɗawa.

Kamfanin Canal+, wanda aka kafa a Faransa a 1984, shi ya buɗe A+ a Oktoban 2014 domin ƙasashen Afirka masu magana da Faransanci. A Disamban 2024 aka raba shi da uwarsa Vivendi, aka sa hannun jarinsa a kasuwar Landan, sai dai kaso mafi girma yana hannun iyalin Vincent Bolloré.

Wannan suna ba baƙo ba ne a nan. Kamfanin Bolloré ne ya riƙe tashar kwantenoni ta Kwatano, inda manyan motocin da ke ratsa garinmu suke ɗauko kaya, har ya sayar da harkarsa ta sufuri a Afirka ga MSC a 2022. Shi ne kuma ya shimfiɗa layin dogo daga Yamai zuwa Dosso, da niyyar ya tsallako kogi ta Gaya da Malanville ya haɗu da na Paraku. Shari'a da ɗan kasuwar Benin Samuel Dossou ta taka wa aikin birki. Jirgin bai iso ba. Hoton dai ya iso, kuma ko da aka rufe gada bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, mutane suka koma kwalekwale, shi bai tsaya ko dare ɗaya ba.

Wani zai ce sai mu koma tashar Hausa. To, a 2025 Canal+ ya mallaki MultiChoice, mai DStv da Africa Magic Hausa. Hannu ɗaya ke nan yake miƙo mana faranti biyu.

Ba mu ce a fasa dikoda ba. Mu ma muna kallon ƙwallo. Damuwarmu ita ce wanda ke kallon nan ba zai ga kansa ba. Faransancin na Abijan ne, Hausar ta Kano ce. Bahaushen da ya tashi tsakanin Dendawa da Fulani, yana cinikin albasa da harshe uku, babu shi a ko ɗaya. Haka ma shinkafar fadamarmu da kifin Kwara da yadda tsoffinmu suke sarrafa su.

Kowane saurayi a nan yana da waya mai ɗaukar hoto, kuma iyayen da suka iya wannan girki suna raye. Wa zai fara zama da su a madafa kafin azumi?