Masuntan Munakata da Amanar Ruwa

A ranar 1 ga Oktoba kowace shekara, masuntan Munakata da ke yankin Fukuoka a Japan sukan ajiye komarsu. Jiragen kamun kifi fiye da 100, kowanne da tutocinsa, sukan taso daga tsibirin Oshima zuwa gaɓar Kyushu, suna rakiyar kayan ibadar wurin bautar Shinto da ake kira Munakata Taisha. Sunan bikin Miare.

Aƙidar Shinto ba tamu ba ce, kuma ba tallarta muke yi ba. Abin da ya ja hankalinmu shi ne riƙon amana.

Ɗaya daga wuraren bautar Munakata guda uku yana tsibirin Okinoshima, kusan kilomita 60 daga gaɓa. Dokarsa mai tsauri ce: ko ganye ko tsakuwa ba a fita da su. Tsakanin 1954 da 1971 masu binciken tarihi suka tono kayayyaki kusan 80,000 a can, har da zoben zinare da maduban tagulla, na ƙarni na 4 zuwa na 9. Sun shafe fiye da shekara 1,000 a gindin duwatsu, alhali masunta na kamun kifi a kewayen. UNESCO ta sanya wurin cikin kayan tarihin duniya a 2017. Akwai masu sukar hana mata shiga tsibirin, amma hakan bai rage darajar yadda masunta suka tsare shi ba.

Ra'ayinmu shi ne, dokar ruwa ba ta ɗorewa sai masu ci daga ruwan sun ɗauke ta tasu. Mun san haka a gida. A Argungu, ana hana su a Matan Fada har ranar biki, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, shi ya sa ake samun manyan giwan ruwa. Amma a wasu kogunanmu ana zuba guba irin gamalin, ana kwashe 'ya'yan kifi da koma mai ƙananan ido. Wanda ya yi haka ya ci abincin jikokinsa.

'Yan uwa, a cikinmu akwai dillalan banda a kasuwannin kudu. Mu daina sayen kifin guba da ƙananan da ba su isa kamu ba, mu mara wa sarakunan ruwa baya. In kasuwa ta ƙi, mai guba zai bari.