Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mahukuntan Jihar Kaduna: A Duba Kafin A Rushe

Zuwa ga Mai Girma Gwamna da 'yan Majalisar Dokokin Jiha.

Ina roƙon ku yi haƙurin sauraron nasiha daga wani talakanku mazaunin Kakuri, wanda bai riƙe muƙami ba, amma yana ganin shiru a kan ɓarna cin amana ne. Buƙatata ɗaya ce: duk aikin da gwamnati za ta yi ko za ta ba da izininsa, hanya ce ko kasuwa ko rukunin gidaje, kada katafila ta taɓa ƙasa sai masana kayan tarihi sun zaga wurin, sun rubuta abin da suka tarar, an kuma saurari dattawan unguwa.

Abin da ya tunzura ni shi ne, a bara wani ɗan kwangila ya yi sammako ya rushe jerin tsofaffin ɗakunan leburorin reluwe, inda mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya ƙare ƙarfinsa, inda kuma aka yanke mini cibiya, ba tare da an ɗauki hoto ko an auna bango ko an tambayi kowa shekarun ginin ba. Da haƙa ya yi zurfi, sai ga tsingaro da kashin maƙera suna fitowa, waɗanda nake kyautata zaton na Gbagyin da suka zauna bakin kogin nan ne tun Turawa ba su san hanyar Kaduna ba. Na roƙi mai kula da aikin ya jinkirta, ko a kira ma'aikatan gidan tarihi na titin Ali Akilu su gani, sai ya buɗe takardarsa ya nuna mini cewa babu inda aka shar'anta masa haka, kafin la'asar kuwa tifa ta kwashe kome an cike wani kududdufi da shi. Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar tasa ita ta fi ƙona mini rai, domin laifin yana ga takardar da aka rattaba wa hannu ba da wannan sharaɗi ba.

Ku dubi arewacin kogi, ranku ya daɗe: ga Lugard Hall, ga Arewa House, ga gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru aka sa ta cikin kayan tarihin ƙasa a 1956, duk an san da zamansu. Mu kuwa a kudu muna da tashar Kaduna Junction, inda layin dogo na Fatakwal ya haɗu da na Ikko zuwa Kano, muna da masaƙar KTL da gwamnatin Sardauna ta buɗe a 1957, da UNTL da Arewa Textiles da suka biyo baya, waɗanda jiniyarsu ta tara Bahaushe da Bajju da Tibi da Bayarabe a bakin injin ɗaya. A ganina, abin da ya sa ba a lissafa waɗannan shi ne tarihin leburori ne, alhali da guminsu aka gina birnin.

Ba bidi'a nake kira gare ta ba. Dokar 1979 ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, dokar 1992 kuma ta wajabta auna illar manyan ayyuka kafin a soma su. Kafin ruwan madatsar Kainji ya shanye tsohon garin Bussa a 1968, sai da masana suka yi haƙa suka ceci abin da ya samu. Amurka ma tun 1966 ta ɗora wa hukumominta na tarayya irin wannan bita. Gumakan Nok da jiharmu ke alfahari da su, a ramin kuza aka ci karo da su a 1928, da ma'aikatan sun zubar da su da yanzu babu wanda ya san sunan ƙauyen a waje. Malaman fiƙihu sun tabbatar cewa kawar da mafsada ake gabatarwa a kan jawo maslaha, ga shi hanya ana iya karkatar da ita, amma kufai in an tone shi ya tafi ke nan har abada.

Saboda haka ina roƙon a sa wannan sharaɗi cikin kowace takardar kwangila, a ba masana Jami'ar Ahmadu Bello ikon tsayar da aiki na 'yan kwanaki idan an tono wani abu, a kuma rubuta rajistar tsofaffin gine-ginen Kakuri da Makera da Nasarawa. Na san wasiƙun talakawa sukan tsufa a cikin fayil, shekaruna kuma ba su ba ni damar dogon jira ba. Duk da haka ban yanke ƙauna ba, tun da sakin layi ɗaya a takarda ya isa. Allah ya yi muku jagora, ya sa ku sauke amanar da ke wuyanku.

Naku mai biyayya,
Wani dattijo, Kakuri.