Rana Ba Ta Ƙarya: Intanet a Ƙauyukan Arewacin Zamfara

A shekarar 1929 layin dogo ya isa Ƙaura Namoda, ya haɗa manomin gyaɗa da na auduga da kasuwannin duniya. A yau aikin da dogo ya yi jiya, intanet ne ke yin sa. Ɗan kasuwar Shinkafi na bukatar sanin farashin hatsi a Dawanau kafin ya yi lodi. Ɗalibin Zurmi kuwa, tun daga 2015 ba ya rubuta jarrabawar JAMB sai a kan kwamfuta. Saboda haka, ƙauyen da ba sabis a cikinsa tamkar ƙauyen da ba hanya ne.

Babbar matsalar ita ce wuta. Turken sadarwa na bukatar lantarki dare da rana, alhali ƙauyuka da dama ba su taɓa ganin wayar wuta ba. Kamfanoni sun dogara da janareto, shi kuwa man dizal tsada gare shi, kai shi daji kuma kasada ne. Da zarar kuɗin mai ya zarce abin da ake samu, sai kamfani ya juya wa ƙauye baya.

A nawa ganin, mafita tana bisa kawunanmu. Allah ya albarkaci wannan yanki da rana kusan duk shekara. Farantan sola kan tara ƙarfinta a batir, batir ya riƙe na'ura har gari ya waye. Saƙo kan iso ta tauraron ɗan'adam, ko daga turken gari mafi kusa, sannan ƙananan eriya su rarraba shi zuwa makaranta da asibiti da kasuwa ba tare da jan waya ba. Wannan ba tatsuniya ba ce: tun a shekarun 2000 Gidauniyar Fantsuam ta kafa irin wannan tsari a Kafanchan, kuma Starlink ya shigo Nijeriya a 2023.

Wasu za su ce sadarwa makami ce a hannun 'yan bindiga. Wannan tunani ne ya sa aka katse layukan waya a faɗin Zamfara a watan Satumba na 2021. To amma an mayar da layukan, ta'addanci kuwa bai ƙare ba. Wanda ya fi shan wuya shi ne talakan da ya kasa kiran jami'an tsaro ko karɓar kuɗi daga ɗansa da ke birni. Wasu kuma na tsoron satar batir da faranti. Haƙiƙa tsoron yana da tushe, sai dai kayan da jama'a suka san nasu ne, aka girka su a tsakiyar gari ƙarƙashin kulawar hakimi, sun fi samun masu gadi.

Daga ƙarshe, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Asusun USPF, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta tanada domin irin waɗannan wurare, ya kamata ya zuba jari. Hukumar Lantarkin Karkara ta samar da farantai, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda ta horar da matasan da za su riƙa gyara. Idan na'ura ta lalace, kada a jira injiniya daga Legas.