Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Majalisar Dokokin Jihar Katsina: Wa Zai Ɗauki Jinyar Wanda Aka Harba?

Mai girma Shugaban Majalisa, 'yan kwamitin lafiya, da wakilanmu na Batsari da Safana,

Ina neman afuwa tun da wuri idan harshena ya yi kaushi, domin raina a ɓace yake.

A daminar da ta wuce ɓarayin daji suka harbi kawuna a cinya yana cikin gonarsa, can gefen Dajin Rugu. Samarin gari suka ɗauko shi a babur, ɗaya na tuƙi, ɗaya na tallabe da shi. Ba zan kama sunan asibitin da aka fara kai shi ba, don ma'aikatan da muka tarar sun yi iya yinsu, kayan aiki ne babu. Aka miƙo mana takarda: safar hannu, ledar ƙarin ruwa, zaren ɗinki, har auduga, duk mu sayo a kemis, cikin dare, a garin da ake kulle ƙofa tun magariba. Jini kuwa sai mun kawo mai bayarwa, mun biya kuɗin gwaji. Da aka ce sai an wuce da shi Katsina, motar asibiti na nan a ajiye amma ba mai, sai mu zuba. Kafin kuɗi su haɗu sai da aka tashi wani mahauci daga barci ya karɓi tumakin gidan a wulaƙance. Kawu ya rayu, alhamdu lillahi, amma an yanke ƙafar. Ba wanda zai raba ni da cewa jinkirin nan ne ya cinye ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne akwai doka. A 2017 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan jihar nan, ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa kowane asibiti karɓar wanda aka harba, ko babu takardar 'yan sanda, ko bai ajiye sisi ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a mayar da mai buƙatar agajin gaggawa, ta kuma kafa asusun da ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, inda kashi 5 cikin 100 na asusun na jinyar gaggawa ne. To, ranku ya daɗe, ina rabon garuruwanmu irin su Runka da Wagini da Ruma a ciki? An ce wa malamin asibiti ya yi aiki kyauta, an bar masa kabad wayam, shi kuma ya juyo kanmu.

Mukan ji a rediyo cewa gwamnati ta biya wa waɗanda hari ya shafa kuɗin magani. Allah ya saka. Amma wannan alfarma ce da ke zuwa bayan an gama wahala, kuma mai hanya ke samu. Roƙona ku yi dokar jiha da za ta ware kuɗin jinyar gaggawa ga ƙananan hukumomin bakin daji, kuɗin su riga majinyaci isa asibiti, da man mota da jini a ciki, shugaban asibiti kuma ya riƙa kawo muku lissafi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma masu ɗakin nan ba sa magana. Likita da nas da ungozoma ma'aikatan gwamnati ne, kowa na tsoron takardar tuhuma ko canjin wurin aiki. Shi ya sa idan kun zo ziyara ake share haraba a ce muku komai lafiya. Ku kawo zaman jin ra'ayin jama'a Batsari da Safana, ku kira ƙungiyar likitoci da ta ma'aikatan jinya su yi magana da yawun 'ya'yansu, da alkawarin ba za a taɓa kowa ba.

Akwai saura. Hukumar inshorar lafiya ta jiha, KATSCHMA, da aka kafa zamanin Gwamna Aminu Bello Masari ta fi amfanar mai albashi. Manomin da aka kora daga gonarsa da me zai biya? Alkawarin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa na asibiti mai aiki a kowace mazaɓa cikin 361 ya faranta mini rai ƙwarai, sai dai ma'aikacin da ba shi da gidan kwana mai tsaro ko alawus na haɗari ba zai zauna ba.

Wata zuciyar na ce mini wasiƙar nan ba za ta wuce teburin akawu ba. Idan ta wuce, a sa mana ranar zaman, a sanar a rediyo, za mu zo da majinyatanmu.

Wassalam.
Naku, wani ɗan ƙasar Safana.