Shin Sautin Saita Ƙwaƙwalwa Zai Iya Tsayawa A Madadin Zikiri?

Tambayar da za mu duba a wannan mako ta fito ne daga yammacin Jihar Kano, kuma mutum biyu ne suka aiko da ita, ɗaya bai san da ɗaya ba: wani ma'aikacin ƙaramar hukuma a Karaye, da wani ɗan kasuwar hatsi a Rogo. Dukansu suna magana ne a kan wani irin sauti da ake saukowa da shi daga intanet zuwa wayar hannu, mutum ya saƙala iyafis a kunnuwansa biyu, ya lumshe ido ya saurara. Masu tallarsa suna cewa wai a cikin 'yan mintoci zai kai mutum ga natsuwar da masu halwa suke shafe shekaru suna nema. Ma'aikacin yana so ya san ko ya halatta ya saurare shi kafin ya zauna wuridinsa. Shi kuwa ɗan kasuwar bai ɓoye kome ba. Cewa ya yi yanzu ya fi samun kwanciyar rai a wajen sautin a kan wajen laziminsa, saboda haka ko zai iya wadatuwa da shi a ranakun da hidima ta yi masa yawa?

Ba mu raina wannan tambaya ba, domin kuwa mun san inda take fitowa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na shekarar 2023, albashin ma'aikaci ya daina kai shi ƙarshen wata. A ƙasar Rogo kuwa, wadda ta yi iyaka da Katsina da Kaduna, ƙasar masara da dawa da rake, waɗanda suka sayi hatsi da tsada suka ɓoye suna jiran riba sun ga yadda farashi ya karye a 2025. Mutumin da bashi ya hana shi barci, duk abin da aka ce masa zai sanyaya zuciya sai ya miƙa hannu.

To, bari mu fara da sanin abin kansa, gama ba a yanke hukunci a kan abin da ba a san siffarsa ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin 'yan noman rani a bakin madatsar ruwa ta Challawa ko ta Kusalla, ya tarar da injin ban ruwa biyu suna aiki kusa da juna, ya san wani guɗa da ake ji yana tashi yana sauka, yana tashi yana sauka. Ba ɗaya daga cikin injinan ne yake yin sa ba. Bambancin gudun da ke tsakaninsu ne yake haifar da shi. A shekarar 1839 wani masani Bajamushe mai suna Heinrich Dove ya gano cewa ana iya jin irin wannan bugu ko da sautukan biyu ba su haɗu a iska ba. Idan aka aika wa kunnen hagu amo mai kaɗawa sau 200 a sakan guda, aka aika wa na dama mai kaɗawa sau 210, sai mutum ya riƙa jin wani bugu na uku, sau 10 a sakan, wanda ba ya cikin wayar, ƙwaƙwalwa ce take harhaɗa shi a can gindinta inda jijiyoyin kunnuwan biyu suka gamu. Wannan shi ne dalilin da ya sa dole sai da iyafis. Maganar ta kwanta fiye da shekara ɗari, sai a 1973 wani mai bincike a Amurka, Gerald Oster, ya sake tayar da ita a cikin mujallar Scientific American, daga nan kuma 'yan kasuwa suka karɓe ta, suka fara sayar da ita a kaset, yau ga ta a kan YouTube kyauta.

Ita ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da wata kaɗawa ta lantarki wadda likita Hans Berger ya fara aunawa a Jamus a 1924. A barci mai nauyi kaɗawar ba ta kai sau 4 a sakan. A gyangyaɗi tana tsakanin 4 da 8. Idan mutum yana farke amma ya saki jiki ya rufe ido tana tsakanin 8 da 12. In kuwa yana lissafin kuɗi ko yana cikin damuwa sai ta haura haka. Da'awar masu sautin ita ce, in ka ciyar da kunne bugu 10 a sakan, ƙwaƙwalwa za ta bi sahu ta koma 10, kamar yadda ƙafar ɗan rawa take bin ganga.

Shin haka ɗin ne? Masana ba su gama yarda ba. A 2019 wasu masu bincike a Sifen suka tattara gwaje-gwaje 22, suka ce akwai alamar sautin yana ɗan rage fargaba da jin zafi. Amma a 2023 wasu a Jamus suka duba gwaje-gwaje 14 waɗanda aka auna lantarkin ƙwaƙwalwar kanta: 5 ne kaɗai suka goyi bayan da'awar bin sahu, 8 suka saɓa mata, ɗaya ya tsaya tsaka-tsaki. A namu ganin, mutumin da ya rufe ƙofa, ya kashe kiran waya, ya zauna shiru na rabin awa, zai ji sauƙi ko da kukan tsuntsu yake saurare. Ba mu ce ɗan'uwanmu na Rogo ƙarya yake yi ba. Sauƙin da yake ji gaskiya ne. Abin da muke tambaya shi ne, wannan sauƙi shi ne abin da ya je nema ranar da ya karɓi wuridi?

A nan ne kuskuren yake, kuma ba daga gare shi ya fara ba. Waɗanda suka ƙera wannan sauti suna auna shi ne da zaman natsuwa irin na mabiya addinin Buda da na Hindu, bayan Turawa sun tuɓe masa rigar addini sun mai da shi maganin gajiya. A wurinsu, in jiki ya saki, bugun zuciya ya sauka, to buƙata ta biya. Zikirin Musulmi kuwa ba haka aka gina shi ba. Aiki ne da bawa yake yi da niyya, da harshe, da zuciya mai sanin ma'anar abin da harshe yake faɗi, yana fuskantar Ubangijin da ya san Yana jin sa. Gaskiya ne aya ta 28 ta Suratur Ra'adi ta ɗaure natsuwar zukata a jikin ambaton Allah, amma natsuwar ta zo ne a matsayin amfanin gona, ambaton shi ne shukar. Amon da babu sunan Allah a cikinsa, babu istigfari, babu salati ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba shi da abin da mala'ika zai rubuta, ko da ya sa mutum ya ji kamar yana shawagi a sama.

Malamai masana tarbiyyar zuciya sun daɗe da hango wannan tarko. Shehu Ibn Aɗa'illahi na Iskandariyya, wanda ya rasu a Alƙahira a 1309, ya yi gargaɗi a cikin Hikam ɗinsa cewa kada rashin halartowar zuciya ya sa mutum ya bar zikiri, domin rafkana da barin zikirin ɗungurungum ta fi muni a kan rafkana a cikinsa, kuma mai yiwuwa ne a ɗaga bawa daga wannan mataki zuwa na sama. Ma'ana, ɗan kasuwar da yake jan carbi alhali rabin hankalinsa yana kan farashin buhu a kasuwar Dawanau, yana kan hanya. Wanda ya ajiye carbi ya kwanta lamo da iyafis, ya sauka daga kanta. Kuma tun da shi Batijjane ne, ya san lazimi alkawari ne da ya ɗauka a hannun muƙaddami, istigfari 100, salati 100, hailala 100, safe da yamma, wanda in ya kuɓuce sai an rama. Lokacinsa ma mai faɗi ne: na safe yana kaiwa har magariba ga mai uzuri, na yamma har fitowar alfijir. Wanda ya sami rabin awa ta sauraron amo bai rasa lokacin lazimi ba. Haka nan hukuncin yake ga wanda ba ya cikin ɗariƙa, game da addu'o'insa na safe da maraice da tasbihin bayan salla.

Wani zai ce, to bandiri fa? Ai shi ma sauti ne da ake taimaka wa zikiri da shi. Wannan tambaya ce mai kyau, kuma mutanen Kano sun fi kowa sanin tarihinta. Ƙadirawa, a ƙarƙashin marigayi Shehu Muhammadu Nasiru Kabara wanda ya rasu a 1996, sun riƙe bandiri a majalisunsu da kuma a maukibin da suke yi kowace shekara domin tunawa da Shehu Abdulƙadir Jilani. Marigayi Shehu Abubakar Mahmud Gumi da ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978 sun soki wannan. Wazifar Tijjanawa ita kuma babu kiɗa a cikinta. Ba mu zo mu tayar da wannan tsohuwar muhawara a yau ba. Abin da muke so mai karatu ya lura da shi shi ne, ko waɗanda suka halatta bandiri ba su taɓa cewa bandirin ne zikiri ba. Ana buga shi ne harsuna suna ambaton Allah, cikin jama'a, a gaban shehi mai lura da wanda ya wuce gona da iri. In aka ɗauke harsunan aka bar fata kaɗai tana amo, babu Baƙadiren da zai kira wannan ibada. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a cikin Ihya'u a kan sauraro da abin da yake haifarwa, kuma tushen maganarsa shi ne sauti ba ya zuba wa zuciya abin da babu a cikinta, sai dai ya motsa abin da ya tarar.

Saura tambayar ma'aikacinmu na Karaye, wadda ta fi sauƙi. Mutum ya dawo daga sakatariya kansa ya ɗau zafi, ya saurari amo tsantsa na ɗan lokaci domin jikinsa ya huce, sa'an nan ya cire iyafis, ya yi alwala, ya fuskanci alƙibla: ba mu ga abin da ya raba wannan da shan shayi ko watsa ruwa ba. Al'ada ce, ba ibada ba, kuma asalin al'adu halacci ne matuƙar babu cuta ko saɓo. Sai dai ya tsaya a bakin ƙofa. Kada ya shiga salla, kada ya shiga wuridi, gama wanda ya saba ba ya samun hankalinsa sai da waya, ranar da babu caji ya shiga uku, kuma mutanen karkara sun san yadda wutar lantarki take. Har wa yau, da yawa daga cikin waɗannan sautuka an lulluɓe su da kiɗan garaya da molo na Turawa, wanda kuwa ya karanta Risala ya san matsayin mazhabarmu ta Malikiyya a kan ganganta sauraron kayan kiɗa. Mafi muni su ne waɗanda ake ɗora karatun Alƙur'ani a kan bugun, a ce wai don ya fi ratsa jiki. Littafin Allah an umurce mu ne mu yi shiru mu saurare shi, kamar yadda ya zo a ƙarshen Suratul A'arafi, ba a mai da shi shimfiɗar gyangyaɗi ba. Akwai kuma masu alkawarin buɗe wani ido na uku, ko jawo arziki, ko fitar da rai daga jiki ya je yawo ya dawo. Wannan ya fita daga babin magani ya shiga babin aƙida, kuma bokanci ne ko da ya zo da lambobi.

Ta fuskar lafiya, abin da aka fi tabbatarwa shi ne cutar da kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyakar abin da kunnen baligi zai ɗauka lafiya shi ne ƙarar desibel 80 na awa 40 a mako, kuma in ƙarar ta ƙaru lokacin yana raguwa da sauri ƙwarai. Wanda yake kwana da iyafis a kunne har asuba, ya lissafa da kansa. Mai ciwon farfaɗiya ya nisanci waɗanda ake haɗawa da haske mai walƙiya a fuskar waya, gama irin wannan walƙiya ce a wani shirin talabijin ta kai ɗaruruwan yara asibiti a Japan a 1997. Sautin ma kada ya taɓa shi sai ya tambayi likitansa. Kada kowa ya saurare shi yana tuƙin mota ko babur, ko yana kan injin niƙa, tun da an yi shi ne domin ya kawo kasala. Wanda kuwa rashin barcinsa ya kai makonni, abinci ya fita ransa, yana jin ƙirjinsa yana bugawa ko yana jin duniya ta ishe shi, ya je a auna jininsa a asibitin garinsu, in ta kama a tura shi Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na ƙwaƙwalwa da ke Dawanau. Mai hawan jini kada ya ajiye ƙwayarsa domin ya ji daɗin wani amo. Neman magani ba ya warware tawakkali, kuma muƙaddami na gari shi ne zai fara cewa almajirinsa ya tafi.

Ɗan'uwanmu na Rogo ya haɗo da wata tambaya a ƙarshen takardarsa, game da zakkar hatsin da aka saya domin kasuwanci aka ɓoye, shekara ta zagayo farashinsa ya faɗi ƙasa da yadda aka saye shi. Ita za mu ɗauka a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.